Baƙin Salatif a Kan Jar Fitila

Wanda ya fara manna baƙin salatif a kan jar fitilar wannan ƙaramar mota wani mai kantin magani ne, shekara bakwai da suka wuce, a cikin makon da ya ƙudura sayar da ita. Fitilar ta baƙin mai ce, aikinta kuwa ɗaya tak: ta kama idan man inji ya yi ƙasa, domin direba ya tsaya tun ƙarfe bai fara cin ƙarfe ba. Mai kantin ya sa aka kwance gilashin mita, aka yanko salatif ɗin da bai wuce faɗin farce ba, aka rufe mata ido ta ciki, aka mayar da gilashi kamar ba a taɓa ba. Daga nan ya wanke mota tas, ya sayar wa Magatakarda.

Magatakarda ya yi shekara talatin da ɗaya yana riƙe da rajistar kotu, kuma ko bayan ya ajiye aiki sunan bai sake shi ba. Mutum ne da ba ya ɗaga ƙafa sai ya tambayi wa ya taɓa taka wurin. Maiɗakinsa takan ce da shi ne mutum na farko a duniya, da har yau yana tsaye yana jiran a nuna masa wanda ya fara zama.

Bai san da salatif ɗin ba sai bayan wata biyu, ranar da ya kai motar garejin wani bakanike da ake kira Kunne, saboda ba ya ɗaukar sifana sai ya gama sauraron inji. Kunne ya saurara, ya zaro sandar gwajin mai ya duba, ya zagaya baya ya shafo bakin salansa da yatsa, sannan ya murɗa makulli yana kallon mita.

"Ranka ya daɗe, fitila ɗaya ta yi ɓatan dabo," in ji shi. "In an murɗa makulli dukkansu ya kamata su kama. Ta mai ba ta kama ba."

Da ya kwance gilashin, sai ga salatif. Ya nuna shi da bakin sukundireba, ya yi dariya.

"Wanda ya sayar maka ya iya yanka. Ka ga, motarka lafiyayya ce, amma mashayiya ce. Ringinta ya ci, tana ƙona baƙin mai tare da fetur. Ko dai a sauke inji a yi masa babban aiki, ko kuwa ka riƙa ƙara mata mai duk mako kamar mai renon jinjiri. In ka riƙe mata wannan, sai ta ga bayanmu duka. In ka manta mako biyu, uku, inji ya buga."

Magatakarda ya tambayi kuɗin babban aikin. Da ya ji, sai ya ce a bar zancen.

"To in ɓare wannan? Sai dai in na ɓare, tun daga tsakiyar mako za ta fara ƙifta maka ido, duk wanda ka ɗauka ya tambaya."

Magatakarda ba ya son a tambaye shi abin da ba shi da kyakkyawar amsarsa. Ya dubi salatif ɗin, ya ce, "Bar shi. Haka na same shi."

Tun daga ranar, kowace Asabar da hantsi yakan naɗe hannun riga, ya ɗaga bonet, ya goge sanda da tsumma, ya sa mazurari, ya cika abin da ta sha. Ita ma motar ta riƙe nata alkawarin. Shekara bakwai ba ta taɓa kwana a hanya ba. Feturinta kaɗan ne, tayoyinta ƙanana masu araha, kayan gyaranta kuwa ba shagon da za a rasa su. Idan tsofaffin abokan aikinsa suna kukan manyan motocinsu, sai ya gyara zama ya ce shi bai san hanyar janwe mai jan matattun motoci ba. Yana da littafi mai baƙin bango inda yake rubuta duk abin da aka yi mata: juyen mai, fulogi, birki, batir, kowanne da kwanan wata da abin da mita ta nuna. Ƙarin man Asabar ne kaɗai bai taɓa shiga littafin ba. Da farko ya bar shi ne don ya ga ƙaramin abu ne; daga baya ya bar shi don a aikinsa na da, abin da ba a rubuta ba kotu ba ta san da shi ba.

A shekara ta bakwai yanar ido ta rufe masa idanu biyu. Likita ya hana shi tuƙi, ya ce sai an yi aiki, ɗaya bayan ɗaya, kuma ya faɗi kuɗin da fansho ba zai ɗauka ba. Babu abin sayarwa a gidan sai mota.

Labari ya kai ga 'yar ƙanensa marigayi, wadda yake kira Uwata domin sunan mahaifiyarsa gare ta. Ungozoma ce, ba ta daɗe da samun aiki a wani ƙaramin asibiti can bayan gari ba. Ana karɓar aiki ƙarfe bakwai na safe, motocin haya na wannan hanya kuwa ba sa cika sai bakwai ta gota. An riga an ba ta takardar gargaɗi biyu. Ta uku ita ce sallama. Shekara biyu tana tara kuɗin abin hawa. Mijinta, malamin lissafi ne a makarantar sakandare, ya so su je wurin dillalai, ta ce a'a.

"Dillali zai rantse mini, Baffa kuwa ba ya buƙatar rantsuwa," in ji ta. "Motar da na sani tun ina makaranta?"

Ranar da za su zo dubawa, Magatakarda ya tayar da motar sa'a guda kafin isowarsu, ya bar ta ta ɗumama, domin da sanyin safiya takan yi ɗan shuɗin hayaƙi kafin ta washe. Bai ce wa kansa don haka ya yi ba. Cewa ya yi batir yake gwadawa.

Malamin ya zagaya mota sau uku, ya ƙwanƙwasa ƙofofi, ya leƙa ƙarƙashi, ya karanta littafin shafi bayan shafi yana gyaɗa kai. Ya nemi ragi, Magatakarda ya rage kaɗan. Abin da ya saura ya yi daidai da aikin ido biyu, ba ƙari ba ragi. Magatakarda ya san idan kalmar ringi ta fito a wannan tsakar gida, malamin lissafi zai zabge kashi ɗaya cikin uku nan take, kuma gaskiyarsa ce.

Uwata ta zauna a kujerar direba, ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana murmushi. Ta leƙo ta taga.

"Baffa, akwai abin da ya kamata in sani game da halinta?"

Maganar ta zo masa har kan harshe. Galan ɗin mai yana nan bayan ƙofar falo, taku biyar daga inda yake tsaye. Ya ce, "Duk abin da aka yi mata yana cikin littafin nan."

Da suka fita da motar, maiɗakinsa ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu.

"Ka faɗa mata zancen Asabar?"

"Na ba ta littafi."

"Ba littafi na tambaye ka ba."

"Lokacin da na saya, wa ya faɗa mini? Ba ni na manna shi ba. Yadda na karɓa haka na miƙa."

"To, Allah Ya kyauta," in ji ta, ta ci gaba da shara, amma ta share wuri ɗaya har sau uku.

Hujjar ta riƙe shi kwana shida. Ran Asabar da hantsi hannunsa ya kai ga naɗe riga kafin ya tuna babu mota a tsakar gida. Ya tsaya yana kallon ɗigon baƙin da ta bari a siminti. Sannan ya ɗura mai a gorar ruwa, ya naɗe ta da mazurari a tsohuwar jakarsa ta kotu, ya hau motar haya biyu zuwa gidan Uwata.

Ta yi murna ƙwarai. Ta shimfiɗa masa, ta kawo shayi. Bayan gaisuwa ya ce, "Kawo makulli in saurari injin. Kunnena ya saba da ita." Ya ce ta zauna abinta, kada shayi ya huce. A waje ya ɗaga bonet ya zama masa labule. Idonsa ba ya iya ganin layin sanda, sai ya ɗora ta a kan farin hankici ya kawo dab da fuska. Man yana can ƙasa da layin ƙarshe. Shi a da kasuwa da gidan abokai kawai yake zuwa. Ita kuwa kilomita sittin take yi kullum. Ya juye gorar duka, mai bai kai layin sama ba.

Asabar ta biye ya zo da gora biyu.

Haka aka yi Asabar goma sha ɗaya. Kuɗin mai da na motar haya suna fita daga fansho, maiɗakinsa tana gani, ba ta ƙara cewa komai ba, sai dai duk daren Juma'a takan wanke farin hankicin ta ajiye a kan jakar. Malamin lissafi ya mayar da abin na wasa. Da ya hango shi sai ya ce, "Ga mai duba gari ya iso! Baffa, ka sayar da mota amma ba ka sake ta ba. Ko mu riƙa biyan ka kuɗin ziyara?" Uwata kuwa takan ce, "Ƙyale shi, Baffa, kishi yake. Tun rasuwar Baba ban taɓa samun wanda ke zuwa duba ni duk mako ba."

Sau da yawa ya shirya maganar a cikin motar haya, da gabatarwa da dalilai, kamar mai karanta ƙara. Amma kowace Asabar da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi. A ta farko, da ya faɗa, mantuwa ce. A ta biyar ta zama ɓoyewa. A ta goma bai san sunan da zai ba ta ba.

Sai asibiti suka sa ranar aikin idon dama, wata Alhamis. Likita ya kafa sharaɗi: mako uku ba fita, ba sunkuyawa, ba ƙura, ba ɗaukar abu mai nauyi. Magatakarda ya zauna da fensir ya yi lissafi. Bisa ga littafi, juyen mai zai faɗo nan da mako biyu, kuma ya san Uwata ba ta saɓa wa littafin. Idan ya cika har ya ɗan haura layi a Asabar ta ƙarshe, kilomita sittin a rana, kwana shida a mako, man zai kai ta garejin Kunne da ƙyar. Ya maimaita lissafin sau biyu, ya fito daidai. Ya yi tunanin aika Kunne ya ƙara mata a tsakani, amma Kunne zai tambaya, kuma ya san irin kallon da zai biyo bayan tambayar.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne kansa.

Uwata ce ta kai shi asibiti ran Alhamis, ita ta dawo da shi gida da bandeji a fuska. Da ta ga hannun maiɗakinsa yana rawa wajen ɗiga magani, sai ta karɓi aikin. Kowace yamma in ta tashi daga asibitinsu sai ta ratso gari gaba ɗaya ta zo ta wanke masa ido, ta ɗiga magani, sannan ta koma gida. Kilomita sittin suka zama kusan ɗari.

Yana kwance a doguwar kujera yakan ji isowar motar tun daga kan kwana. Ya san muryarta kamar ta ɗan da ya haifa. Takan tsaya a daidai inda ta yi shekara bakwai tana tsayawa, galan yana bayan ƙofa, mazurari yana cikin jaka. Abin da ake buƙata bai wuce ya ce, "Uwata, ɗaga bonet ki zaro sandar nan" ba. Amma ita tana sunkuye a kansa, yatsunta masu sanyi suna buɗe masa fatar ido, tana cewa, "Kalli sama, Baffa. Yawwa. Kai ne majinyacin da ya fi kowa jin magana." Sai ya kalli sama.

Ran nan bayan ta fita wanke hannu, maiɗakinsa ta matso ta ce a hankali, "In ba za ka iya ba, ni in faɗa."

"Maganar tawa ce. Ni zan yi ta."

"Yaushe?"

"In an cire bandeji. Ba a yin irin wannan magana a kwance."

"A ina aka taɓa hanawa?" in ji ta. Shi ma bai san inda aka taɓa hanawa ba.

A yamma ta goma sha ɗaya, da Uwata ta tayar da mota za ta tafi, ya ji wani siririn ƙara a ƙarƙashin muryar injin, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a gefen kofi. Ya yunƙura ya tashi zaune. Ya buɗe baki zai kira ta. Motar ta yi baya, ta gyara, ta fice. Ya ce wa kansa gobe da yamma, ko da me za a yi, zai faɗa.

Washegari ƙarfe takwas saura wayar maiɗakinsa ta yi ƙara. Injin ya buga a kan hanyar bayan gari, saura kilomita tara a kai asibitin. Uwata ta bar motar a gefen titi ta tari babbar motar yashi, ta isa wurin aiki takwas da rabi.

Bai saurari sharaɗin likita ba. Ya sa baƙin tabarau, maiɗakinsa ta riƙe masa hannu, suka ɗauki tasi zuwa garejin Kunne da la'asar. Janwe ya riga ya sauke motar a ƙarƙashin rumfar kwano, bonet a ɗage, ƙaurin ƙonannen ƙarfe bai gama fita ba. Kunne yana tsaye da sandar gwaji a hannu, busasshiya ƙayau. Malamin lissafi yana kai da kawowa. Uwata tana zaune a kan tsohuwar taya da kayan aikinta a jiki. Da ta gan shi sai ta taso ta durƙusa.

"Baffa, me ya fito da kai? Idonka fa! Ka yafe mini. Shekara bakwai ka riƙe ta ko tari ba ta yi ba, ni wata uku na kashe ta."

"Tashi, Uwata," ya ce.

"Baffa, ka bar ta ta ji," in ji mijin. "Tarin shekara biyu ya tafi a banza, ga takarda ta uku suna rubutawa. Ba komai ya jawo ba sai rashin kula. Mota ba ta mutuwa ba sallama. Akwai jar fitila, an yi ta ne don wanda bai san komai ba ma ya gani."

"Wallahi ba ta kama ba," in ji Uwata. "Idona yana kan mita. Ƙara na ji, kafin in sauka gefe ta tsaya."

"Ta kama, hankalinki ne ba ya wurin. Injin da ba ɗigon mai a cikinsa? Kunne, don Allah faɗa mata. Zai yiwu mai ya ƙare ƙaf fitila ba ta kama ba?"

Kunne ya ajiye sandar. Ya ɗauki tsumma ya shiga goge hannu, yatsa bayan yatsa, kamar ba shi da wani aiki a duniya. Bai kalli malamin ba, bai kalli Uwata ba. Baƙin tabarau yake kallo.

"Ni bakanike ne, Malam," ya ce. "Ƙarfe na sani. Wannan tambaya akwai wanda ya fi ni sanin amsarta."

Magatakarda ya ji hannun maiɗakinsa ya saki nasa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kallon masu ba da shaida a irin wannan tsayuwa, yana rubuta abin da suka faɗa ba tare da ya ɗaga kai ba, kuma yakan yi mamakin abin da ke sa baligi ya kasa furta kalma biyar. Uwata ta sunkuyar da kai. Ya ga ta fara yarda cewa wataƙila fitilar ta kama, ita ce ba ta gani ba. Wannan ne abin da ya kasa ɗauka.

"Kunne," ya ce, "kwance gilashin mita."

Kusoshi huɗu ne. Da aka cire gilashin, Magatakarda ya zare tabarau, ya shiga kujerar direba, ya sunkuya duk da an hana shi. Sabon idonsa ya ga abin sarai, har da ƙurar da ta taru a gefensa. Rabonsa da ganin ƙaramin abu haka tun shekara biyu. Ya sa farce ya ɓare. Ya murɗa makulli. Fitilar ta kama, ja wur, da ɗan hoton butar mai a tsakiyarta.

Ya fito ya tsaya, ya gyara riga. Maganar da ya shirya a motocin haya ta zo masa yadda ya tsara ta.

"Wanda ya fara manna wannan abu wani mai kantin magani ne, shekara bakwai da suka wuce. Ni ma da na saya ba a faɗa mini ba, kuma..."

"Baffa," in ji Uwata a hankali, "mai kantin magani ba baffana ba ne."

Sauran gabatarwar ta zube. Ya faɗi abin da ya rage ba ado: cewa ya sani tun wata na biyu, cewa motar tana shan mai, cewa ya ɗumama ta ranar ciniki don kada su ga hayaƙi, cewa ya yi shiru saboda kuɗin ido, cewa duk Asabar mai yake zuwa ƙarawa a ɓoye, cewa jiya ya ji ƙarar ya bar ta ta tafi. Malamin lissafi ya dubi furfurar da ke gabansa. Sannan ya juya ga matarsa ya ce, "Ki yi haƙuri," ya koma gefe.

Uwata ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon jar fitilar.

"Da ka ce mini lita guda duk mako, da na saya a hakan," ta ce. "Wallahi da na saya, ko sisi ba zan rage ba. Ni da nake auna jinin mutane kullum, sandar mai ce za ta gagare ni?" Sannan ta ƙara da abin da ya fi komai zafi, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Duk Asabar ɗin nan, Baffa, na ɗauka ni kake zuwa gani."

Ya so ya ce ita ma yana zuwa gani, kuma da ya faɗa ba ƙarya ba ce. Amma ya san a bakin wanda aka kama, gaskiya ma ba ta da nauyi. Ya juya ga Kunne ya tambayi kuɗin inji na hannu mai lafiya, da ɗaurawa, da komai. Kunne ya faɗa. Ya kusa daidai da abin da aka ajiye don idon hagu.

"A nemo shi gobe," in ji Magatakarda.

"A'a," in ji Uwata. "Ba zan hau mota ina sane da idonka na ƙona ba."

"Ba kyauta nake miki ba, Uwata. Kuɗinki ne da na karɓa ba bisa ƙa'ida ba. Ido ɗaya ya ishe ni ganin abin da ya kamata in gani."

Ta dubi maiɗakinsa tana neman taimako. Tsohuwar ta buɗe jakarta, ta fito da ambulan ɗin da aka rubuta sunan asibiti a kai, ta miƙa wa Kunne. Tun daga gida ta sako shi, ba tare da ta tambayi kowa ba.

"Karɓi, ɗana," ta ce. "Kuma wannan karon in ka ga salatif, ko na wane ne, ka ɓare."

Saura takarda ta uku. Da safe Magatakarda ya zauna a teburinsa, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya rubuta wa shugabar asibitin wasiƙa da irin rubutun da ya yi rajista da shi. Ya bayyana cewa lattin ungozomarsu na ranar Talata ba sakacinta ba ne. Sakamakon aibi ne da shi, mai sa hannu a ƙasa, ya sani kuma ya ɓoye lokacin da ya sayar mata da mota. Bai ambaci mai kantin magani ba. Ya sa hannu, ya rubuta tsohon muƙaminsa a ƙasan sunansa, ya kai da kansa. Shugabar ta karanta a gabansa sau biyu, ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ba ta taɓa karɓar irin wannan takarda ba, ba ta ma san a wane fayil za ta sa ta ba. Ya ce shi ma bai san an taɓa yi ba.

Ga abin da aka samu, ga abin da ya saura. Uwata ta riƙe aikinta. Takarda ta uku ba ta fito ba. Motar ta samu injin da ba ya shan mai, da fitilar da ke kamawa duk safiya ta mutu da kanta, kuma tana kai ta bakin asibiti bakwai saura kwata. Littafin mai baƙin bango yana hannunta, ta buɗe sabon layi a ciki inda take rubuta abin da sanda ta nuna kowace Asabar, ko da bai motsa ba. Malamin lissafi ya daina kiran Baffa mai duba gari, ya koma gaishe shi da cikakken ladabi, abin da Magatakarda ya fi jin ciwonsa a kan tsokanar. Shi kuwa ya tsira da idon dama. Na hagu yana nan da yanarsa, yana jiran abin da fansho zai tara. Ya riƙe rabin galan ɗin mai a bayan ƙofa, da mazurari, da ɗan baƙin salatif da ya manna a cikin murfin jakarsa ta kotu. Ya riƙe Asabar ma: yana hawa motar haya biyu, hannu wofi, ta shimfiɗa masa, ta kawo shayi, ta kira shi Baffa kamar da. Makullin motar yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Bai ƙara nema ba, ita ma ba ta ƙara miƙa masa ba.